Antijel: Sunan da Ya Sa Lagiretonmu Ke Cin Tsatsa

Tun da zafin bana ya kankama, da wuya ka kunna rediyo a Garwa ba ka ji an ce "antijel" ba. Masu shagon kayan mota suna tallarsa safe da yamma, masu zuwa-zuwa, wato masu sayar da fetur a bakin titi, su ma sun jera kwalabe kore da ja a gefen na fetur, duk wadda ka nuna sai a ce maka antijel ce. Wannan bai dame ni ba, kowa da hanyar cin abincinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani mai gabatar da shirin direbobi da na ji yana cewa, da bakinsa: "Antijel maganin ƙanƙara ne na Turawa. Mu da rana ke dafa mu a nan, me za mu yi da shi? Ruwan famfo ya ishe mu." Masu bugo waya suka yi ta cewa ya faɗi gaskiya.

Bai yi ƙarya a fassarar kalmar ba, kuma nan ne matsalar take. Faransanci ce, gaɓa biyu: "anti", wato mai hana, da "gel", wato daskarewa. Mai hana daskarewa. Waɗanda suka raɗa sunan mutanen ƙasashen sanyi ne, kuma sun raɗa shi ne daga abin da ke hana su barci. A can, idan ruwa ya daskare a cikin inji da dare, kumbura yake yi, ya tsaga ƙarfe kamar yadda saiwa ke tsaga katanga. Da farko giya mai ƙarfi irin ta sinadari suke zubawa, ita kuma da ta ji zafi sai ta bi iska. A shekarun 1920 aka koma ga wani sinadari mai suna etilen gilikol, wanda wani masanin kimiyya Bafaranshe, Charles-Adolphe Wurtz, ya fara haɗawa tun a shekarun 1850. Idan aka gauraya shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. To wa ya taɓa ganin wannan a Marwa ko Kusri? Ko hunturun Ngawundere da muke yi wa kirari, ba ya ko kusa. Sunan ya zo mana da labarin wata damuwa da ba tamu ba, muka ɗauki labarin, muka bar sauran aikin da ruwan ke yi.

Faransancin ma yana da wani suna da ya fi dacewa, wanda ke rubuce a jikin galan, "liquide de refroidissement", ruwan sanyaya inji, sai dai ya yi wa baki tsawo, ba mai faɗinsa a gareji. Wasu tsofaffin makanikai suna cewa gilasiyol, wanda asalinsa sunan samfurin Glaceol ne na kamfanin Renault, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo. Direbobin da ke shigowa daga Yola da Mubi suna cewa kulan. Duk abu ɗaya ake nufi, ko kusan ɗaya: a asali antijel shi ne mai kaurin da ba a sirka ba, ruwan sanyaya kuma shi ne wanda aka riga aka sirka, a zuba kawai.

Kawuna ya sayi a-kori-kura, Hilux mai shan gazuwal, ta hannu, don ɗaukar albasa daga Marwa zuwa Ngawundere. Ranar da aka kawo ta gida, ya ɗaga bonet yana nuna mini 'yar gorar robar nan da ke gefen lagireto. Cike take har layin da aka rubuta FULL, ruwan ciki kore shar, gwanin sha'awa.

"Ka gani, ɗana? Mai ita yana kula da ita."

Na ce, "Kawu, a bar ta ta kwana. Da safe mu buɗe lagireton kansa."

Dalilin jira sananne ne, amma har yau ana ƙonewa: ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan yana matse a ciki, da ka sassauta murfin sai ya taso da tururi ya wanke maka fuska da hannu. Da asuba muka fito, na ɗora tsumma a kan murfin, na murɗa rabi, na jira, sannan na cire. Ba ruwa a wuyan. Na haska da fitilar waya, can ƙasa sai ga wani abu ruwan ƙasa-ƙasa, kamar Binuwai a tsakiyar damina. Na shafa cikin wuyan da yatsa, ya fito da laka mai ja-ja. Robar murfin ta bushe ta tsattsage. Koren ruwan da ke cikin gora kwalliya ce kawai, an zuba shi don idon mai saye, bai taɓa shiga inji ba.

Wannan gorar tana yaudarar mutane da yawa. Aikinta shi ne, idan ruwa ya yi zafi ya ƙaru, rarar ta bi siririn tiyo ta shiga gora, idan inji ya huce sai ya zuƙo ta ta koma. Murfin lagireto ne ke buɗe wannan hanya da rufe ta. In murfin ya mutu, ko tiyon ya tsage, gora na iya zama cike tana murmushi alhali lagireto na kukan ƙishi. Don haka a motar da ba ka san tarihinta ba, duba layin LOW da FULL rabin aiki ne. Akwai motocin da ba su da murfi a kan lagireto, gorar ce ke da murfin matsi. Waɗannan ma sai inji ya huce ake taɓa su.

Lakar da ta fito a yatsana ita ce amsar mai shirin rediyo. Injin irin wannan Hilux, wanda ake kira 2KD, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyam ne, lagireton ma yawanci alminiyam. Ƙarafa iri biyu cikin ruwa mai zafi, suna haɗe, wannan ƙaramin batir ne, ɗaya na cin ɗaya a hankali. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana ƙara wa wutar fetur, don yana ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa. Duk wadda ta taɓa leƙa cikin butar shayin da ta shekara a kan gawayi ta san farin ɓawon da ke manne a gindinta. Shi ne dai ke manne a cikin siraran hanyoyin lagireto, waɗanda ba su fi tsinken sakace faɗi ba. A cikin galan ɗin antijel na gaske akwai magungunan da ke rufe fuskar ƙarfe su hana tsatsa, kuma su ne ke ƙarewa da shekaru, shi ya sa ake canja ruwan ko da bai ragu ba. Da ni aka tambaya, da sunansa "maganin tsatsa", da kuma ba a yi wannan gardamar ba.

Sai maganar tafasa, wadda ake zuzutawa fiye da kima, har da masu tallar. Tsurar ruwa yana tafasa a wajen digiri 100 a ƙasa-ƙasa irin Garwa. A Ngawundere, da take sama da mita dubu a kan tudu, tun wajen 96 yake tafasa. Haɗin rabi da rabi yana ɗaga digiri 100 ɗin nan zuwa wajen 107. Ƙari ne, amma ba shi ne babban ba. Babban yana hannun murfin nan da ba wanda ke kallo. Ka duba samansa, za ka ga an buga 0.9 ko 1.1. Wannan matsin da yake riƙewa ne, kuma shi ke sa ruwan ya haura digiri 120 bai tafasa ba. Mutum zai sayi galan mai tsada ya zuba, ya mayar da mataccen murfi, ya ɗora buhunan albasa, ya kama hawan falez, wato tudun nan na kafin Ngawundere, a giya ta biyu da tsakar rana, allura ta haye ja, sai ya sauko yana zagin antijel.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, waɗanda ke zuba mai kaurin zalla, wai ya fi ƙarfi. Bai fi ba. Wajen kwashe zafi daga jikin ƙarfe, ruwa ya fi gilikol, nesa ba kusa ba. Gilikol zalla sai ya sa inji ya fi zafi. Ana sirkawa ne da tataccen ruwa, wanda muke kira ruwan batir, kuma a nan a yi hattara, don yaran shago suna kiran asid ma ruwan batir. Ka karanta kwalbar da idonka. In a daji ne ruwa ya ƙare maka, zuba duk mai tsabtar da ka samu ka isa gari, ba wanda zai ce ka kwana a hanya. Laifin shi ne a mayar da lalura ta zama ɗabi'a.

Launi kuwa rini ne. Gilikol ba shi da launi, kamfani ne ke sa masa don a gane yoyo. Toyota na da ja, tana da ruwan hoda wanda ake sayarwa a sirke, wasu kamfanoni kore, wasu shuɗi ko rawaya, kuma ba wata doka da ta ce kore na wannan kamfani daidai yake da kore na wancan. Mai kwalba a bakin titi ma ya san inda ake sayar da rini. Abin da rini ba ya ɓoyewa shi ne zaƙi: gilikol yana da zaƙi, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Kada a ɗanɗana, kada a tsiyaye tsohon a tsakar gida inda akuya da kare da mai rarrafe ke yawo, kada kuma a ajiye ragowar a gorar lemo.

Launin nan ne ya kusa jawo mana asara ta biyu. Bayan an wanke lagireto an sa sabon murfi, Kawu ya ce wa makanike sitiyarin yana kuka in an murɗa shi, wani "wiii" kamar kyanwar da aka taka wa jela. Maigidan garejin ya tafi sallah, yaronsa ya buɗe 'yar gorar man sitiyari, ya ga abin da ke ciki ja-ja ne, sai ya ɗauko ragowar jan antijel ɗin da muka zuba yanzu.

Na ce, "Kai, tsaya! Me za ka yi?"

"Alhaji, ai antijel ne, ja da ja."

Ka ji inda kalma ta kai mu. Duk ruwa mai launi a ƙarƙashin bonet ya zama antijel. Abin da ke cikin gorar sitiyari mai ne, ba ya haɗa hanya da ruwa. A Hilux irin wannan, man giyar otomatik ake zubawa, wanda ake rubuta wa ATF Dexron II ko III, kuma sau da yawa an rubuta hakan a kan murfin. Shi ma rina shi aka yi ja. Famfon da bel ke juyawa yana matsa man nan da ƙarfi, shi ke sa ka juya tayoyin motar da ke ɗauke da tan guda da hannu ɗaya. Ka zuba masa ruwa, famfon ya rasa santsi, ya ci kansa. Man birki ma wani abu ne daban, kuma kuskuren da ya fi muni shi ne a juya lamarin, a zuba man sitiyari a gorar birki: robobin birki sai su kumbura, ranar da ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa.

Duba shi ba wuya. A tsayar da mota a miƙaƙƙen wuri, a kashe inji, a goge ƙurar da ke kewaye da murfin kafin a buɗe, don ƙurarmu ta fi komai kashe famfo. Wata gorar ana hango man ta jikinta, wata kuma murfin ne ke da ɗan sanda mai layuka, gefe ɗaya COLD, ɗaya HOT. In motar ta kwana, layin sanyi za ka bi, in yanzu ta dawo daga tafiya, na zafi, don mai yana ƙaruwa in ya ɗumama. Mutane suna karanta layin zafi da safe, su ga kamar ya ragu, su cika har baki, da rana ya yi ambaliya su ce gorar ta fashe. Ɗiga kaɗan a farar takarda. Ja mai haske lafiya lau ne. Na Kawu baƙi-baƙi ne, yana warin ƙauri, ga kumfa a samansa, alamar ya yi ƙasa har famfon na zuƙar iska, kukan ke nan da muke ji.

Man sitiyari ba ya ƙonewa kamar baƙin mai, ba ya kuma bin iska. In ya ragu, wani wuri yake zuba. Makanike ya dawo, ya tsiyaye tsohon, ya zuba sabo, ya ɗaga gaban motar ya sa yaron ya yi ta murɗa sitiyari dama da hagu har kumfar ta daina fitowa, yana yi masa faɗa kada ya danne shi a ƙarshe ya riƙe. Kukan ya tafi. Na ce Kawu ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare. Da safe muka tarar da ɗigo uku ja, masu santsi a yatsa, daidai ƙasan tiyon da ya fito daga famfo. Kawu ya duƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bari sai an sayar da albasar farko.