Jajen da New Zealand ta yi wa Musulmi bayan harin Christchurch

Ranar Juma'a, 15 ga Maris 2019, wani ɗan ƙasar Ostireliya mai aƙidar fifita farar fata ya buɗe wa masallata wuta a Masallacin Al Noor da Cibiyar Musulunci ta Linwood a birnin Christchurch. Mutum 51 ne suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Musulmi tsiraru ne a New Zealand, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, shi ya sa yadda sauran jama'a suka ɗauki makokin tamkar nasu ya ja hankalin duniya.

Washegari Firaminista Jacinda Ardern ta je yi wa iyalai ta'aziyya, kanta lulluɓe da baƙin mayafi, daga bisani kuma ta shaida wa majalisa cewa bakinta ba zai taɓa ambaton sunan maharin ba. Mutanen gari suka yi ta jibge furanni da wasiƙun jaje a bakin masallatai. Ɗalibai da 'yan ƙabilar Maori, 'yan asalin ƙasar, suka riƙa yin rawar da ake kira “haka”, rawar gargajiyar Maori da suke karrama mamaci da ita. Gudummawar kuɗi ta kai miliyoyin dalolin ƙasar, ciki har da ta Yahudawan Pittsburgh a Amurka, waɗanda Musulmi suka tallafa wa lokacin da aka kai hari wurin ibadarsu a 2018.

Juma'ar da ta biyo baya ce ta fi ratsa zuciya. A ranar 22 ga Maris an yi sallah a filin Hagley, daura da Al Noor, dubban waɗanda ba Musulmi ba suna tsaye a bayan sahu. Rediyo da talabijin na ƙasa suka watsa kiran sallah kai tsaye, aka yi shiru na minti biyu, sannan Imam Gamal Fouda, wanda ya tsira daga harin, ya yi huɗuba. Mata da yawa sun yafa mayafi a ranar. Wasu Musulmi sun ji daɗin haka ƙwarai, wasu kuwa sun yi tsokaci cewa mayafin yini guda ba ya ɗauke tsangwamar da mai hijabi ke sha kullum, kuma maganarsu abin dubawa ce.

Jajen bai tsaya a furanni ba. A watan Afrilu majalisa ta haramta yawancin bindigogi masu sarrafa kansu da ƙuri'a 119, mutum ɗaya tak ya ƙi. A watan Mayu Ardern da Shugaba Macron na Faransa suka ƙaddamar da Kiran Christchurch a birnin Paris domin daƙile yaɗa ta'addanci a intanet, ganin cewa maharin ya watsa ta'asarsa kai tsaye a Facebook. A watan Agustan 2020 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar saki ba, hukuncin da ba a taɓa yanke wa kowa ba a ƙasar.

Sai dai tun kafin harin, Majalisar Matan Musulmi ta ƙasar ta daɗe tana kai kukan barazanar da ake yi musu. Rahoton hukumar bincike da ya fito a Disamban 2020 ya nuna cewa jami'an tsaro sun karkatar da ido kan Musulmi, suka yi sakaci da masu tsattsauran ra'ayin farar fata, kuma Ardern ta nemi afuwa a madadin gwamnati. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙudurin da Pakistan ta gabatar, ta ware 15 ga Maris a matsayin ranar yaƙi da ƙyamar Musulunci.