Harbe-harbe a makarantu: tushensu a zamantakewa da al'ada

Harbi a makaranta shi ne mutum ya shiga firamare, sakandare ko jami'a da bindiga ya buɗe wa ɗalibai da malamai wuta. Nau'in da masana zamantakewa suka fi nazari a kai shi ne wanda maharin ɗan makarantar ne ko tsohon ɗalibinta, ya daɗe yana ƙulla shirinsa, kuma makarantar baki ɗaya yake wa kallon abokiyar gaba. Wannan daban yake da hare-haren ƙungiyoyi irin wanda Boko Haram ta kai Buni Yadi a 2014, inda maharan suka zo daga waje da aƙidar yaƙi da karatun boko.

Inda abin ya fi ƙamari

Babu ƙasar da ta kai Amurka fama da wannan masifa. A ranar 20 ga Afrilu, 1999, ɗalibai biyu suka kashe 'yan uwansu ɗalibai 12 da malami ɗaya a sakandaren Columbine da ke jihar Colorado, sannan suka kashe kansu. A 2007 an kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech. A 2012, a firamaren Sandy Hook ta jihar Connecticut, aka kashe yara 20 'yan shekara shida zuwa bakwai da ma'aikata shida. Parkland ta jihar Florida ta rasa mutum 17 a 2018, Uvalde ta jihar Texas kuma yara 19 da malamai biyu a 2022. An taɓa ganin irinsa a Erfurt da Winnenden na Jamus, da Jokela da Kauhajoki na Finland, da Brazil, da Rasha, da Sabiya, amma a waɗannan ƙasashe jefi-jefi yake aukuwa.

Yaron da ke bayan bindigar

A 2002 hukumar da ke tsaron lafiyar shugaban Amurka da Ma'aikatar Ilimi suka fitar da rahoto a kan hare-hare 37 da mahara 41 suka kai tsakanin 1974 da 2000. Abu na farko da suka gano shi ne babu wata kama guda da za a ce ga ta maharin makaranta. Akwai masu ƙoƙari a aji, akwai waɗanda karatu ya gagara, wasu iyayensu na tare, wasu auren ya mutu. Sai dai dukkansu maza ne. Kashi 71 cikin ɗari suna jin cewa an zalunce su ko an ci zalinsu, kashi 78 kuma sun taɓa tunanin kashe kansu ko ma sun gwada. Wannan adadi na ƙarshe ya isa a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa yawancinsu sun taɓa yanke ƙauna daga rayuwa, saboda haka tsoron hukunci ko na mai gadi ba lallai ya hana su ba.

Masaniyar zamantakewa Katherine Newman ta je da tawagarta garuruwa biyu da abin ya faru. A West Paducah ta jihar Kentucky, a 1997, ɗan shekara 14 ya harbi ɗaliban da suka taru suna addu'ar safe, ya kashe uku. A Jonesboro ta jihar Arkansas, a 1998, yara biyu, ɗan shekara 11 da ɗan 13, suka kunna ƙararrawar gobara, suka laɓe a cikin itatuwa, da ɗalibai suka fito sai suka kashe 'yan mata huɗu da malama ɗaya. Newman ta ƙi yarda da cewa irin waɗannan yara masu son kaɗaici ne. A ganinta yara ne da suka yi ta neman shiga cikin tsaransu ana korarsu. A sakandaren Amurka daraja tana hannun 'yan wasanni da masu farin jini, yaron da ba shi da ƙarfin jiki kuwa sai a riƙa kiransa da sunayen da ke zubar masa da mazantaka. Ga al'adar da ke koya masa cewa namiji ba ya kuka, ba ya kai ƙara, ramawa yake yi. Mai neman a daina raina shi sai ya ga bindiga ce za ta sa a ji tsoronsa ko da na yini ɗaya ne.

Cin zali kaɗai bai isa hujja ba. Miliyoyin yara ake ci wa zali ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Newman ta ce sai abubuwa biyar sun haɗu: yaron ya ji an mai da shi saniyar ware, yana da wani ciwo a zuciya ko a gida da ke ƙara masa nauyin abin, akwai wani salo da ya gani zai kwaikwaya, manya sun kasa lura, sannan ga bindiga a kusa.

An ji, an yi shiru

Abin da ya fi ciwo a rahoton 2002 shi ne a kashi 81 cikin ɗari na hare-haren akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san ana shirin wani abu, galibi aboki ko ɗan aji. Yara ba sa son a kira su 'yan gulma. Manya kuma, musamman a ƙananan garuruwa inda kowa ya san kowa, suna gudun ɓata wa maƙwabci rai da maganar ɗansa. Malami ya ga wani abu, mai ba ɗalibai shawara ya ga wani, uwa ta ga nata, amma ba wanda ya haɗa su wuri guda.

Sakandaren Oxford ta jihar Michigan misali ce a fili. Da safiyar 30 ga Nuwamba, 2021, wata malama ta ga takardar wani ɗan shekara 15 ya zana bindiga da mutum jina-jina, ya rubuta cewa tunanin ya ƙi barinsa, a taimake shi. Aka kira iyayensa. Ba su tafi da shi gida ba, ba su kuma faɗa wa makaranta cewa kwana huɗu da suka wuce uban ya saya masa bindiga ba. Ba wanda ya buɗe jakarsa. Bayan 'yan sa'o'i ya kashe ɗalibai huɗu. A 2024 kotu ta samu uwar da uban da laifin kisa ba da gangan ba, ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 10 zuwa 15.

Kwaikwayo

Columbine ta zama abin koyi ga waɗanda suka biyo baya. Maharin Virginia Tech ya ambaci ɗaliban biyu a saƙon da ya aika wa wata tashar talabijin, na Sandy Hook kuma ya tara bayanai masu yawa a kan kashe-kashen da suka gabata. A intanet akwai dandali da ake yabon irin waɗannan mutane. Shi ya sa iyalan waɗanda aka kashe suka daɗe suna roƙon 'yan jarida su rage ambaton sunan mahari da nuna hotonsa.

An sha ɗora wa wasannin bidiyo laifi, amma a Japan da Koriya ta Kudu matasa na buga su sosai ba a ganin wannan ta'asa. Haka ma taɓin hankali: mafi yawan masu fama da shi ba sa cutar da kowa, kuma yana nan a kowace ƙasa.

Bindiga a gida

Cin zali da baƙin ciki da fushin samari babu inda babu su. Abin da ya ware Amurka shi ne yawan makami. Wata ƙididdiga da cibiyar Small Arms Survey ta fitar a 2018 ta nuna fararen hula a ƙasar na riƙe da bindigogi kusan miliyan 393, wato kimanin 120 ga kowane mutum 100. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791 ya ba da 'yancin riƙe makami, kuma a yankuna da dama bindiga gado ce, uba ke koya wa ɗansa farauta da ita. A rahoton 2002, kashi 68 cikin ɗari na maharan daga gidansu ko gidan dangi suka ɗauko makamin. Yaran Jonesboro a gidan kakan ɗayansu suka kwaso mafi yawan nasu. Na Sandy Hook da bindigogin mahaifiyarsa ya yi amfani, ita ya fara kashewa. Na Uvalde kuwa da kansa ya saya bisa doka, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 18.

Birtaniya ta bi wata hanyar. Bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane ta Scotland a 1996, majalisa ta haramta wa jama'a mallakar kusan duk ƙananan bindigogin hannu a 1997. A Amurka sauyin a hankali yake zuwa. Bayan Parkland, Florida ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21, ta kuma ba kotu ikon karɓe makami daga wanda ake ganin yana da haɗari. Bayan Uvalde, majalisar tarayya ta yi doka a Yunin 2022 da ta tsaurara binciken masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ta kuma ware kuɗi don kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a makarantu.