Jirgin Ƙasa Mai Tururi Bai Mutu Ba: Tambayoyi Kan Tsofaffin Kawunan Jirgin da Har Yau Ake Hura Wa Wuta

Lokaci zuwa lokaci wani bidiyo kan yi ta yawo a wayoyi: ga baƙin kan jirgi ya turnuƙe sama da hayaƙi, yana huci, ya ratsa tashar da ke cike da jiragen lantarki, jama'a sun yi cincirindo kowa ya ɗaga waya. Wasu masu kallo su ce tsohon fim ne, wasu su ce haɗin kwamfuta ne. Galibi ba ɗaya daga ciki. Jirgi ne na gaske a kan layin dogo na yau, kuma ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kansa.

Wai har yanzu akwai jirgin da ke tafiya da wuta da ruwa?

Akwai, ba ɗaya ba, ba goma ba. Wannan doguwar gangar da kake gani a jikin kan jirgin tukunya ce cike da ruwa. A bayanta akwai murhu, inda mutum guda yake tsaye da shebur yana zuba kwal. Zafin wutar na bin bututai ta cikin ruwan har ya tafasa, tururin ya taru ya rasa mafita, sai direba ya buɗe masa hanya ya je ya tura fistin, fistin ya tura sandunan ƙarfen da ke juya ƙafafu. Wancan "cuku-cuku" da ake ji, tururin ne da ya gama aikinsa yake fita ta bututun hayaƙi. Matsin da ke cikin tukunyar babban kan jirgi ya ninka iskar tayar mota kamar sau takwas. A riƙe wannan, don duk wahala da tsadar da za mu ambata a ƙasa daga nan suka taso.

To me ya sa aka watsar da su?

Saboda ci da bauta. Cikin ƙarfin da ke cikin kwal, abin da ke isa ga ƙafafun jirgin bai cika kai kashi ɗaya cikin goma ba, sauran duk ya bi iska. Kan dizal kuwa ka murza shi ya tashi. Na tururi sai an kwana ana hura masa wuta sannu a hankali, don in aka gaggauta ƙarfen tukunyar zai wahala. In ya dawo daga tafiya a kwashe toka, a share bututai, a bi gaɓoɓinsa da mai ɗaya bayan ɗaya. Birtaniya, inda aka fara wannan fasaha tun 1804, ta sallami nata daga manyan layuka a watan Agusta 1968. Jamus ta Yamma ta bi a 1977, ta Gabas a 1988. Sin ce ta daɗe, don tana ƙera sababbi har 1999.

Ta yaya wasu suka tsira daga hannun 'yan gwangwan?

Nan labarin ya fi daɗi. Gidajen tarihi sun ajiye 'yan kaɗan, amma da yawa daga waɗanda ke gudu yau a Birtaniya ɗan gwangwan ne da kansa ya zama sanadin tsirarsu, ba tare da ya yi niyya ba. A garin Barry da ke kudancin Wales akwai wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, Dai Woodham. Ya sayi kawunan jirgi 297 don ya yanka ya sayar da ƙarfen. Sai kuma aka yi ta kawo masa tsofaffin taragun kaya, waɗanda yankansu ya fi sauƙi, kuɗinsu ya fi saurin shigowa. Ɗan kasuwa ne, sai ya tura kawunan jirgin gefe, ya ce sai ranar da taragu suka ƙare. Haka suka yi shekaru jere a bakin teku, ruwa na dukansu, tsatsa na ci.

Kafin wannan rana ta zo, masu sha'awa sun farga. Aka riƙa kafa ƙungiyoyi ana karo-karo, a je a rubuta wa kan jirgi da fenti cewa an kama shi kada a yanka, a dawo a ci gaba da tara kuɗi. Daga 1968 zuwa 1990 aka fitar da 213 daga wannan fili. Wasu sun fito ba bututai, ba kayan tagulla, sai gangar jiki kawai, kuma gyaran wani ya ci shekara ashirin ana yi a ranakun hutu. Akwai waɗanda har yau ba a gama ba.

Da gaske ana barinsu su hau layin da jiragen zamani ke bi?

Ana bari, amma a matsayin baƙi. Yawancin waɗanda suka tsira a kan gajerun layuka masu zaman kansu suke aiki, inda ba a wuce kilomita 40 a awa. 'Yan kaɗan ne ke da takardar hawa babban layi, kuma a Birtaniya sai da aka yi shekara uku da hani, daga 1968 zuwa 1971, kafin a sake buɗe musu ƙofa (wani shahararren kan jirgi mai suna Flying Scotsman ne kaɗai ya samu rangwame a lokacin, saboda yarjejeniyar da mai shi ya riga ya ƙulla).

Sharuɗɗan ba wasa ba ne. In ka leƙa ɗakin direban irin wannan jirgi, gefe guda ga murhu na ci bal-bal, ga kwal a zube a ƙasa, gefe guda kuma ga rediyon zamani na magana da masu kula da layi, ga na'urar da ke naɗar duk abin da direba ya yi, ga wadda za ta danna birki da kanta in ya tsallake jar danja. Gudu ma an ƙayyade: ga yawancin manyansu mil 75 a awa, wato kimanin kilomita 120, alhali jiragen da ke bin layi ɗaya da su wasu na yin kilomita 200. Don haka sai a nema masa gurbi tsakanin jiragen yau da kullum, wani lokaci a ratse da shi gefe ya jira su wuce. In ya lalace a hanya ya tare layi, tarar jinkirin da ya jawo tana kan masu tafiyar da shi. Shi ya sa sau da yawa za ka ga kan dizal a maƙale can wutsiyar taragai, ko-ta-kwana, kuma shi ke ba taragan wutar lantarki.

Wanda zai ce an tsananta, ya tuna abin da ya faru a watan Maris 2015 a mahaɗar Wootton Bassett a Ingila. Wani jirgi mai tururi ɗauke da fasinjoji ya wuce jar danja, ya je ya tsaya a kan mahaɗar kamar minti guda bayan wani jirgi mai gudu ya wuce ta wurin. Bincike ya nuna ma'aikatan cikinsa sun kashe na'urar birkin da ya kamata ta tsayar da shi. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma an dakatar da kamfanin, kotu kuma ta ci shi tara. A ganina duk wani sharaɗi da aka ɗora bayan wannan, an yi daidai.

Ina suke samun ruwa da kwal, tunda tashoshin yau ba a gina su don su ba?

Wannan ce matsalar da mai kallon bidiyo ba ya gani. A da kowace babbar tasha na da tankin ruwa mai dogon hanci, wasu layukan ma akwai kwatamin ruwa tsakanin digogi da jirgi ke kamfata yana cikin gudu. Kusan duk an rushe su. Yanzu tanka ce ke riga jirgi zuwa wani wuri da aka shirya, ta jira shi da mesa. Wurin juya kan jirgi ma ya yi ƙaranci, don kan dizal gaba da baya duk ɗaya ne gare shi, na tururi kuwa yana son ya fuskanci inda ya dosa.

Kwal kuma abin dariya ne da ban tausayi: Birtaniya, ƙasar da ta yi arziki da shi, yau sayowa take daga waje don tsofaffin jiragenta, musamman tun da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales a ƙarshen 2023. Ga kuma fari. In ciyawar gefen layi ta bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobarar daji, sai a hana su fita, ko a ce dizal ya yi jan, shi kuwa mai tururi ya yi ta busa usur a gaba don masu hoto.

Wa ke biyan wannan ɗawainiya, kuma nawa take ci?

Masu yawon buɗe ido da ke sayen tikiti mai tsada, da masu ba da gudummawa, da 'yan sa-kai da ke aiki kyauta. Tukunyar ce ke cinye kuɗin. A Birtaniya ba ta wuce shekara goma ba a kwance ta gaba ɗaya an duba ba, a Amurka kuma bayan kwana 1,472 na aiki ko shekara 15, duk wanda ya riga zuwa. Masu iya wannan aiki ba su da yawa, shi ya sa masana'antar gyaran jiragen tururi ta garin Meiningen a Jamus ke samun aiki daga ƙasashe daban-daban.

Flying Scotsman ya isa misali. An ƙera shi a Doncaster a 1923, ya yi mil 100 a awa a 1934. Da aka sallame shi a 1963, Alan Pegler ya saye shi fam 3,000, ya kai shi yawo Amurka a 1969, tafiyar ta karya shi har ya rasa dukiyarsa. Gidan tarihin jiragen ƙasa na York ya saye shi a 2004 kan fam miliyan 2.3, gyaran da aka yi masa kuma ya ci fam miliyan 4.2 da shekara goma kafin ya dawo layi a 2016. Kuma in za a faɗi gaskiya, bayan sauya tukunya da silinda da sauran sassa cikin shekara ɗari, ƙarfen 1923 da ya rage a jikinsa ba shi da yawa. Sunan ne da lambar da siffar suka daɗe.

Wasu ma sun ga gara su ƙera sabo. Akwai wani samfuri mai suna A1 da aka yi guda 49, 'yan gwangwan suka cinye su kaf. Wata ƙungiya ta tara kuɗi kaɗan-kaɗan daga jama'a, ta bi tsofaffin zane-zane, ta fito da sabon kan jirgi mai suna Tornado a Darlington a 2008. A 2017 ya yi mil 100 a awa a gwajin dare. Bai kai Mallard ba, wanda ya yi mil 126 a 1938, bajintar da ba wani mai tururi da ya karya har yau, amma shi Mallard a gidan tarihi yake zaune, ba wuta a cikinsa.

Wane ne ya fi girma cikin masu aiki yanzu?

Big Boy mai lamba 4014 na kamfanin Union Pacific a Amurka. An ƙera shi a 1941, tsawonsa mita 40, nauyinsa da taragon ruwa da mai ya haura tan 500. Ya yi fiye da shekara hamsin a ajiye a Kalifoniya ana kallo, kamfanin ya karɓo shi a 2013, ya sake tashi a 2019, yanzu mai yake ci maimakon kwal. Shi bai da matsalar neman izini, layin na masu shi ne.

Akwai inda ake amfani da su don aiki na gaske, ba kallo ba?

Saura ƙalilan. Garin Wolsztyn na Poland ya yi suna da jan jirgin fasinja na yau da kullum da tururi, ɗalibai da ma'aikata na hawa da tikitin da kowa ke saya. A tsaunukan Harz na Jamus suna hawa dutsen Brocken kullum. A Indiya akwai na Darjeeling da na Nilgiri. A yankin Tuzla na Bosniya kawunan jirgin samfurin Jamus na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu sun ci gaba da tura taragun kwal a mahaƙai har cikin wannan zamani, kamar yadda na mahaƙar Sandaoling ta Sin suka yi har farkon shekarun 2020. Dalilin waɗannan mahaƙai ɗaya ne: wanda yake zaune a kan kwal ba ya gaggawar sayen dizal.

Mu fa, ina namu suka shiga?

Jirgin da ya fara isa Kano a 1911 mai tururi ne, kuma irinsa ne suka yi shekaru suna kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa Legas, suna cin kwal ɗin Inugu. Akwai wani samfuri da aka ƙera wa Najeriya a Birtaniya, aka raɗa wa kowanne sunan kogi. Dizal ya fara shigowa a shekarun 1950, sannu a hankali ya ture su. Wanda ke son ganin abin da ya rage na wannan tarihi ya nufi Ebute Metta a Legas, inda gidan tarihin reluwe yake a Jaekel House.

Ko da yau wani attajiri zai tsinci ɗaya ya gyara shi tsaf, ba zai hau layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuma 1,435, ƙafafun ba za su zauna a kan digar ba. Sai dai tsohon layin Legas zuwa Kano, a nemo mai gyaran tukunya, a nemo kwal, a kuma tanadi tankar ruwa a hanya.