Ma'anar "karramawa ta alama" da abin da take iya yi

Karramawa ta alama ita ce duk wani furuci ko aiki da hukuma ke yi a bainar jama'a domin nuna cewa ta san darajar wata al'umma da aka daɗe ana dannewa, ko da kuwa abin bai ƙara wa kowa ko kwabo ba. Neman gafara yana cikinta, haka ma mayar wa wuri sunansa na asali, da fara taro da ambaton 'yan asalin da aka tarar a ƙasar.

Bahaushen Legas ba baƙo ba ne ga wannan. Wanda ya kama shago a Agege ko Idi-Araba, ya ɗauki ƙwaryar goro ya je ya tuɓe takalmi ya gaida baale, wato mai unguwa na Yarbawa, bai biya haya da goron ba, amma ya shaida cewa ya tarar da mutane a wurin, kamar Awori, wani reshe na Yarbawa, waɗanda ake ɗauka su ne suka fara zama a yankin. Dama Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

A Ostareliya, ranar 13 ga Fabrairu 2008, Firayim Minista Kevin Rudd ya miƙe a majalisa ya nemi gafarar 'yan asalin ƙasar saboda 'ya'yansu da gwamnati ta shafe shekaru tana ƙwacewa daga hannun iyaye. Tsofaffin da aka raba da uwayensu tun suna goye suna zaune suna saurare, wasunsu na hawaye, domin abin da aka daɗe ana musantawa ya shiga kundin majalisa. A ganina nan ƙarfin alama yake: wanda aka zalunta ya huta da wahalar tabbatar da cewa an zalunce shi, wanda ya amsa laifi da bakinsa kuma ya ba da igiyar da za a riƙe shi da ita gobe. Kanada ma ta nemi irin wannan gafara a shekarar, kan makarantun kwana da aka tilasta wa yaran 'yan asali shiga.

Sai dai masu suka suna da hujja, domin alamar da aiki bai biyo bayanta ba takan zama daɗin baki. Ostareliyar da ta nemi gafara ita ce a zaɓen raba gardama na 2023 ta ƙi amincewa a kafa wa 'yan asali majalisar ba da shawara a cikin kundin tsarin mulki. Ko a nan Legas, mutanen unguwar Maroko da aka rushe wa gidaje a 1990, da masunta 'yan ƙabilar Egun da aka tasa daga unguwar Otodo Gbame a 2017, matsuguni da diyya suka fi nema a gaban kotu.