Noman Ƙatuwar Kabewa don Sha'awa da Kuɗin da Yake Ci a Shekara

Noman ƙatuwar kabewa sha'awa ce da ta yi ƙarfi a Amurka, Kanada da ƙasashen Turai, inda mutum ke shafe wata biyar ko shida yana hidimar tushe ɗaya ko biyu, don ya samu kabewa guda da za a ɗora a sikeli ranar gasa. Ba don miya ake noma ta ba. Namanta ruwa ne ya yi masa yawa, ɗanɗanonsa lami, bai kama ƙafar kabewar da ake saukewa a kasuwar Mile 12 don miyar taushe ba. Nauyi kawai ake nema, kuma nauyin ya kan wuce tan ɗaya. Abin da mai wannan sha'awa ke kashewa a shekara ya dogara da yanayin garin da yake zaune, shi ya sa lissafin mutumin Kanada ba zai yi wa mazaunin Legas amfani ba sai an juya shi.

Asali

Kusan duk kabewar da ke cin gasa a yau daga iri ɗaya ta fito, wato Atlantic Giant, wanda ke cikin jinsin Cucurbita maxima mai asali a Kudancin Amurka. Howard Dill, wani manomi a garin Windsor na lardin Nova Scotia a Kanada, shi ya yi shekaru yana zaɓen iri har ya fitar da shi, kuma a 1981 ya kafa tarihi da kabewa mai kimanin kilo 224. Kafin shi, kabewar William Warnock ta 1904, mai kimanin kilo 183, ita ta riƙe kambun fiye da shekara 70.

Daga nan nauyin ya yi ta hawa. A 1996 Nathan da Paula Zehr na jihar New York suka kai kilo 481, karo na farko da aka haura laba 1,000, wato kusan kilo 454. Ron Wallace na Rhode Island ya kai kilo 911 a 2012. Beni Meier ɗan Suwizalan ya fara tsallake tan ɗaya a 2014 da kilo 1,054, Mathias Willemijns na Beljiyam ya kai 1,190 a 2016, Stefano Cutrupi na Italiya ya kai 1,226 a 2021, Travis Gienger na Minnesota ya kai 1,247 a 2023, sai tagwayen nan na Ingila, Ian da Stuart Paton, da suka kai 1,278 a 2025. Duk waɗannan mutane a ƙasashe masu sanyi suke, kuma wannan shi ne mabuɗin batun kuɗin.

Ƙungiyar Great Pumpkin Commonwealth ce ke tsara dokokin awo a wuraren gasar da ta amince da su, galibi a watannin Satumba da Oktoba. Kabewar da ta tsage har cikinta, ko ta fara ruɓa sosai, ba a saka ta cikin lissafi komai girmanta.

Iri

Kowace kabewar gasa tana da suna da ya haɗa nauyinta a laba, sunan wanda ya noma ta da shekara, kuma ana rubuta uwa da uban da aka haɗa ta fito. Da wannan tarihin ake yi wa iri farashi. Ƙunshin Atlantic Giant na kanti 'yan daloli ne, iri mai asali sananne ya kan kai gomman daloli ko ɗaruruwa ƙwaya ɗaya, kuma an taɓa sayar da ƙwaya guda daga kabewar Chris Stevens ta 2010, mai laba 1,810, a kan dala 1,600 a gwanjo. Duk da haka iri ba shi ne babban kashin kuɗi ba a can, domin kabewa ɗaya tana ba da ƙwaya ɗaruruwa, kuma masu wannan harka sun saba aika wa juna kyauta, mutum ya biya kuɗin aike kawai.

A Legas ƙwayar tana tsada ta wata hanya. Da dala za a biya ta, kuma tun da aka saki Naira a Yunin 2023 dalar da ke kusan Naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024. Ga kuɗin jirgi, ga takardar izinin shigo da iri daga hukumar killace kayan gona ta NAQS, wadda ke neman shaidar lafiyar iri daga ƙasar da ya fito. Kuma ƙwaya ɗaya ba ta isa, don ba kowace ke tsira ba. Sauƙin kawai shi ne wanda ya yi barbarar furen da hannunsa ya rufe shi, zai iya ajiye irinsa na baɗi.

Fili

Tushe ɗaya yana buƙatar murabba'in mita 40 zuwa 90. A ɗauki 70 a matsayin matsakaici, kusan kashi ɗaya cikin goma na fulotin Legas mai ƙafa 60 da 120. Manomin Minnesota a bayan gidansa yake shuka, bai ma sa fili a lissafinsa. A jihar da ta fi kowace ƙanƙantar ƙasa a Najeriya kuwa, fili shi ne tambaya ta farko. Bahaushen da ke haya a Agege, Idi-Araba ko Obalende ba shi da inda zai shimfiɗa yaɗo mai wannan faɗi, sai dai ya nemi aro ko haya a wajen Ikorodu, Epe ko Badagry, sannan kuɗin mota ya shigo, tunda shukar tana son a duba ta kullum. 'Yan lambun da ke noma ganye a gefen hanyoyin Ojo da Iba su suka fi kusa da samun wuri, amma su ma kowane taku na ƙasar nan kuɗi ne: a wata shida ɗin da kabewa za ta mamaye wurin, da an yanki alayyahu sau da yawa an kai kasuwa. Wannan ribar da aka bari ita ma kuɗi ce, ko da ba a fitar da ita daga aljihu ba.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da filin aro. Mai ƙasa zai iya kawo bulo a tsakiyar lokaci, kuma kabewa ba ta ƙaura.

Ƙasa da taki

Shukar tana son ƙasa mai laushi, mai tsotse ruwa, wadda awon tsaminta ke tsakanin 6.5 da 7. Yawancin ƙasar kudu maso yamma ta fi haka tsami saboda yawan ruwan sama, ta bakin teku kuma rairayi ce da ba ta riƙe taki. Masu gasa na ƙasashen waje suna aika ƙasa ɗakin gwaji kowace shekara kafin su sayi komai. Na Legas zai iya yin haka ta cibiyoyin binciken noma na Ibadan, inda IITA da NIHORT suke, kuma kuɗin gwajin ya fi sauƙi a kan sayen takin da ƙasar ba ta buƙata.

Idan za a shimfiɗa ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 5 a kan murabba'in mita 70, ana buƙatar kimanin baro 45 zuwa 50. A nan Legas tana da sa'a. Kashin shanu yana nan jibge a mayankar Oko-Oba da ke Agege, kashin kaji kuma a gonakin kaji na Ikorodu da Epe, kuma sau da yawa kuɗin ɗauko shi ya fi kuɗin sayensa. Sai dai dole a bar shi ya ruɓe 'yan watanni, don ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Takin zamani kaɗan ake buƙata ga tushe ɗaya, buhu guda na NPK ya yi yawa. Da farko ana ba da mai ƙarfafa ganye irin yuriya, wanda ake sarrafawa a nan Lekki tun da aka buɗe masana'antar Dangote a 2022, daga baya a koma kan mai sinadarin fotash lokacin da ɗa ke girma. Wanda ya cika taki a wannan gaɓa kabewarsa tana iya tsagewa, shekara ta tafi a banza.

Ruwa da zafi

Nan ne lissafin ƙasashen biyu ya rabu gaba ɗaya. Manomin Kanada ko Ingila sanyi yake yaƙa: yana gina rumfar leda, yana binne wayar ɗumama ƙasa, yana kunna hita da dare a watan Afrilu da Mayu. Bayan haka yanayi ya koma gefensa, yini mai awa 15 ko fiye, da dare mai sanyi. A lokacin ganiyar girma kabewar kan ƙara kilo 15 zuwa 20 a rana, wani lokaci fiye.

Legas ba ta buƙatar hita, amma ba ta da dogon yinin nan. Rana awa 12 ce kusan duk shekara, dare kuma da ɗumi, kuma shuka tana ƙone wani kaso na abincin da ta haɗa da rana idan dare bai yi sanyi ba. Idan zafi ya haura digiri 32, furen da aka yi wa barbara ya kan zube ba tare da ya kama ba. Don haka kuɗin da wancan ya kashe a ɗumama, wannan zai kashe shi a raga mai rage rana, da rumfa a kan ita kabewar, da yayyafa wa ganye ruwa da tsakar rana.

Sai zaɓin lokaci, wanda kowane ɓangarensa da nasa kuɗin. Daminar Legas tana kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Wanda ya shuka a damina ruwa kyauta ne, amma zai ɗaga manyan kunyoyi ya haƙa magudana, ga hadari da ke rufe rana, ga ciwon ganye. Wanda ya shuka a ƙarshen Oktoba don fure ya zo daidai da hunturun Disamba da Janairu ya samu dare mafi sanyi da Legas ke iya bayarwa, kuma wannan ya fi kama hankali, amma kowane ɗigon ruwa shi zai kawo shi. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 5 a rana a kan murabba'in mita 70 lita 350 ne, jarka 14 mai lita 25. A kwana 100 jarka 1,400 ke nan. Wanda zai saya a hannun 'yan ga-ruwa ya ninka wannan da farashin jarka a unguwarsu, zai ga ruwa ya shanye duk sauran kuɗin. Mai rijiyar burtsatse ya huta da wannan, amma injin yana cin wuta ko mai, ga shi an cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin lantarkin rukunin A, na unguwannin da suka fi samun wuta, kuma ya tashi zuwa Naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024. A yankunan da ke dab da teku akwai ƙarin matsala, ruwan rijiya ya kan yi gishiri, kabewa kuwa ba ta jure shi sosai.

Ƙwari da cututtuka

Tsutsar da ke huda yaɗo, wadda ta addabi manoman Amurka, ba ta nan. A madadinta akwai ƙudan da ke sa ƙwai cikin ɗanyen ɗa ya ruɓar da shi, da darɓa da farin ƙuda masu yaɗa ciwon da ke murɗe ganye, da ƙananan tsutsotsin ƙasa da ke sa saiwa ta yi ƙulli, waɗanda suka fi son ƙasa mai rairayi da ɗumi. Laima kuma tana kawo fumfunar ganye iri biyu, mai farin gari da mai rawayan tabo. Feshi kowane mako ko kwana goma ne, ana sauya magani don kada ciwon ya saba. Injin feshi na goyo sau ɗaya ake saye, maganin ne ke dawowa duk shekara. Ɗan kabewar kuma tun yana ƙarami ake rufe shi da raga ko zane, a shimfiɗa masa yashi ko katako a ƙasa.

Aiki, ɗauka da abin da ke dawowa

Ba a cika saka ƙwadago a lissafi ba, tunda sha'awa ce, amma awa ɗaya ko biyu ne kullum: binne yaɗo a kowace gaɓa don ya yi sabuwar saiwa, datse rassan da ba a so, barbara da sassafe kafin furen ya rufe, da cire sauran 'ya'ya a bar guda. Ɗan kasuwar da ke fita Alaba Rago tun asuba sai ya ɗauki yaro, albashin yaron ya shiga kuɗin shekara. Ranar cirewa, kabewa mai kilo 100 ko 150 tana buƙatar tamfal da 'yan dako huɗu zuwa shida, wadda ta fi haka sai injin ɗaga kaya da a-kori-kura.

A ƙasashen gasa, mai farawa da tushe ɗaya zai iya gamawa da ɗaruruwan daloli, manyan kuma dubbai suke zubawa. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa Gienger ya kashe kimanin dala 15,000 a kan kabewarsa ta 2023, ya karɓi dala 30,000 a gasar Half Moon Bay ta Kalifoniya saboda ya karya tarihin duniya. Gasar kan biya wanda ya zo na ɗaya dala 9 a kan kowace laba. Amma Gienger mutum ɗaya ne cikin dubbai, yawancinsu ba sa mayar da ko kuɗin taki. Wasu suna rage asara da sayar da iri, ko sayar da kabewar ga kantuna da masu sassaƙa ta lokacin bikin Halloween, a Windsor ma an taɓa shafe shekaru ana rarake ta a yi tseren kwale-kwale da ita.

A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce aka sani da irin wannan gasa. A Legas abin da zai dawo wa mai noma shi ne irin da ya ajiye, da ƙasar da ta gyaru da taki, da kayan da ya saya sau ɗaya kamar tiyo, raga, tanki da injin feshi, waɗanda ke sa shekara ta biyu ta fi ta farko sauƙi. Naman kabewar ana iya ba dabbobi, idan an kiyaye kwanakin da takardar maganin feshi ta ce a jira. Wanda burinsa nauyi ne zalla, kuma yana da gona a tudun Jos ko Mambila, kuɗin da zai kashe kan raga da ruwa a Ikorodu zai fi yi masa aiki a can, inda dare ke da sanyi ba tare da ya biya ko kwabo ba.