.375 H&H da .416 Rigby: wanne ya fi ƙarfi a farautar manyan namun daji?

Wai daga ina suka fito ne?

Dukansu harsasan bindigar farauta ne, 'yan Landan. Kamfanin Rigby ya fitar da .416 a 1911, Holland & Holland suka biyo da .375 a 1912, lokacin turawa na tururuwa gabashin Afirka farautar giwa da ɓauna da zaki.

To wanne ya fi ƙarfi?

.416 ne, wannan ba abin musu ba ne. Harsashinsa ya kai wajen giram 26, yana fita da gudun mita 730 a sakan, ƙarfin dukansa kusan jul 6,900 (jul ma'aunin ƙarfi ne). Na .375 kuwa giram 19 da ɗoriya ne, ya ɗan fi gudu, wajen mita 770, amma ƙarfinsa bai wuce jul 5,800 ba. Kaurin ma akwai bambanci, milimita 10.6 da 9.5. In ɓaunar da aka ji wa rauni ta taso maka a cikin ciyawa tana nemanka, wannan nauyin ne ke karya ƙashi ya ratsa ciki, shi ya sa ƙwararrun masu raka mafarauta irin su Harry Selby na Kenya suka riƙe .416 shekara da shekaru.

Me ya sa kwanson .416, wato gidan albarushinsa, yake da girma sosai?

Albarushin wancan zamanin, kodayit, in ya sha zafin rana matsinsa tashi yake har kwanso ya maƙale a bindiga, sai Rigby suka ba shi fili don matsin ya sauka.

Kenan kowa .416 zai ɗauka?

A'a fa, ni dai .375 zan ba yawancin mutane. Naushin da .416 ke yi wa kafaɗa ya fi na .375 da kusan rabi, kuma mutum in ya fara tsoron bindigarsa sai ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama, harsashi ya sauka a tumbi maimakon huhu, dabba ta gudu da ciwo ta yi ta wahala, wallahi abin ba daɗin gani, ga haɗari ga masu bin sawu. Sannan .375 ya fi tafiya a miƙe in da ɗan nisa, da shi ɗaya sai a harbi gwanki a harbi ɓauna, harsashinsa kuma ya fi araha da sauƙin samu.

Doka fa?

A Tanzaniya .375 ne mafi ƙanƙanta da aka yarda a yi farautar ɓauna da shi, kuma sai da lasisi da ƙwararren ɗan rakiya.