Zanen da ke jikin tsohuwar bindigar farauta: amsoshin tambayoyin da suka ƙi ƙarewa

Duk wanda ya gaji bindiga mai baki biyu sai ya ɗauko hoto ɗaya, dishi-dishi, ya ce a faɗa masa ƙasar da aka ƙera ta da kuɗin da za ta yi. Ga amsoshin a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Akwai zanen fure da ganye a jikinta. Mai tsada ce ke nan?

A'a. Har bindigar talaka ana yi mata zane a Turai.

To ina zan fara dubawa?

Ba kan zanen ba. Tabbatar babu harsashi a ciki, cire katakon gaba, ka raba bakin da jikin bindigar, ka kifa shi. A shimfiɗaɗɗen wurin da ke ƙasa za ka ga hatimin gidan gwaji, wato hukumar da ke gwada ƙarfin bututun bindiga. Na Landan kambi ne a kan haruffan GP, da wani a kan V. Na Birmingham sanduna biyu ne a gicciye, daga baya BP da BV, sannan BNP tun daga 1954. Na Liège ta Beljiyam haruffan ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma idan da kambi a samanta to daga 1893 ne zuwa gaba. Mai zane yana iya kwaikwayon salon kowace ƙasa, shi kuwa hatimi hukuma ce ta buga shi.

An rubuta "W. Richards, London" a tawa. Westley Richards ce ko?

Da wuya. A ƙarshen ƙarni na 19 maƙeran Liège sun fitar da bindigogi masu araha bila adadin da sunaye irin su W. Richards, T. Parker da J. Manton, don mai saye ya zaci na manyan kamfanoni ne. Kamfanin Westley Richards na gaske, wanda aka kafa a Birmingham a 1812, yana rubuta sunansa cikakke. Akwai W. Richards na Liverpool, shi ma na gaske ne, amma hatimin Ingila za ka gani a tasa. In ka ga ELG, magana ta ƙare: ta Beljiyam ce. Kada ranka ya ɓaci, bindigar kakanka ce dai har yanzu.

Ana gane ƙasa daga salon zanen?

Ana samun haske, ba tabbas ba. Ingilishi sun fi son ƙananan murɗaɗɗun rassa, cunkus, da damin furanni a tsakani. Salon kamfanin Purdey na Landan ke nan tun shekarun 1870, kuma ana danganta shi da mai zanensu James Lucas. Holland & Holland, su ma na Landan, nasu ganyen ya fi faɗi da fitowa. Jamusawan Suhl da mutanen Ferlach ta Ostiriya suna haƙa ƙarfen da zurfi: ganyen bishiyar oak, barewa mai rassan ƙaho, aladen daji, har yatsa yana jin tudunsu. Italiyawan Gardone Val Trompia sun yi suna da bulino, wato dubban ɗige-ɗige da siraran layuka da ke fitar da tsuntsu ko kare tamkar hoto. Amma mutanen Eibar ta Sifaniya sun daɗe suna kwaikwayon Holland & Holland, na Liège kuma babu salon da ba su yi ba. Ka ga dalilin da na ce hatimi tukuna.

Wannan zanen mai kama da igiyar ruwa a kan bututun fa?

Ba zane ba ne. Damaskas ne: ƙarfe iri biyu aka murɗa, aka naɗe, aka haɗe a wuta. Akwai na jabu da aka fitar da ruwan asid a kan bututu na gama-gari.

Ta yaya zan san aikin hannu ne, ba na inji ba, kuma ba daga baya aka ƙara ba?

Wannan ce tambayar kirki, ita ce kuma mai wuya. Samo gilashin masu gyaran agogo, ka fita hasken rana. Layin da hannu ya yanka yakan fara siriri, ya yi kauri a tsakiya, ya ƙare siriri, kuma cikinsa yana ƙyalli idan ka karkata ƙarfen. Wanda aka yi da guduma, a kan lanƙwasa za ka iya ganin ƙananan matakai, kowane bugu da sawunsa. Gwada gefen dama da na hagu: kama za su yi, amma ba za su zo daidai ƙwabo da ƙwabo ba. Zanen da inji ya danna, irin na yawancin Baikal ɗin Rasha da ke hannun mafarautanmu, zurfinsa ɗaya ne ko'ina, bakin layin a dakushe, wani lokaci ƙarfen ya ɗan kumbura a gefe. Na asid ƙasansa tsakuwa-tsakuwa ne. Na lesa, wato na'urar da ke ƙona zane da haske, aikin zamani ne, in ka gan shi a bindigar da aka ce ta shekara ɗari, wani ya taɓa ta.

Sai dai kada ka yi saurin yanke hukunci. Kamfanoni da yawa inji ke fara dannawa, mutum ya bi da hannu ya gyara, ka ga alamun biyun a wuri ɗaya. Tsufa ma yana ruɗarwa, domin zanen hannun da tafin mutum ya shekara tamanin yana shafa yakan dakushe har ya yi kama da na inji. Don haka duba lungun da hannu ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin abin buɗewa ko bayan garkuwar kunama.

Batun ƙari daga baya ya fi wannan sarƙaƙiya. Bindigogin Parker na Meriden a Amurka suna da daraja hawa-hawa, daga VH zuwa DH har A1 Special, kuma an sha kama ƙaramar daraja da aka yi wa sabon zane aka sayar a matsayin babba. Abin da zai tona asiri: zane garau amma sunan kamfani ya shafe, ramukan sukurori sun lotsa saboda gogewa, zanen kan sukuru bai haɗu da na kewayensa ba, ko ado na sarauta a kan katako na banza. Ko ɗaya cikinsu bai isa hujja shi kaɗai ba, don gyaran gaskiya ma yana barin irin wannan sawu. Idan uku suka haɗu, ni kam sai in ja baya. Abin da ke raba gardama shi ne lambar bindigar: Purdey da Holland & Holland suna riƙe da tsofaffin kundayensu inda za a duba ta, na Parker ma da yawa suna nan.

Ban ga sunan mai zanen ba.

Ba matsala ba ce. Yawancin masu zanen Ingila na da ba sa sa hannu, kuma mutum ɗaya irin Harry Kell ya yi wa kamfanoni da dama aiki. A Browning Superposed ta Beljiyam, musamman darajojin Pigeon, Diana da Midas, an fi samun suna, har da na Felix Funken, shugaban masu zanen FN, kamfanin da ya ƙera ta. Italiyawa sukan sa nasu kusa da kunama.

In goge ta ta yi ƙyalli kafin in nuna?

Haba! Kada ka kuskura. Ba samfefa, ba toka, ba burushin waya, ba kai wa mai fenti. Waɗannan launukan shuɗi da ruwan ƙasa da kake zaton datti ne, sawun ƙona ƙarfen ne cikin gawayin ƙashi, masu saye kuma su suke nema. Tsumma mai laushi da ɗigon mai sun isa.

Zan iya harbawa da ita?

Zane ba ya nuna lafiyar bututu. Tsofaffi da yawa, musamman na Damaskas, da baƙin albarushi aka gwada su, harsashin yau yana iya fasa su a hannunka. Sai ƙwararre ya auna. Kuma a Najeriya, a ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959, gado ba ya zama lasisi.

Nawa za ta yi?

Ba a yi wa bindiga kuɗi daga hoto ɗaya. Ɗauko na ƙasan bututun, na lambar, na gefe biyu, da rana.